Wayar da Aka Ce Ta Mutu

A kowane gida na unguwarmu akwai ƙwan fitila guda da ba a kashewa. Yana kan layin kamfanin wuta, aikinsa kawai ya sanar da mutanen gida cewa an kawo. Namu yana saman ƙofar kicin, ƙudaje sun gama ɓata shi, kuma tun da taransifomar unguwa ta ƙone aka ɗauke ta a mota, babu wanda ya sake ɗaga kai ya dube shi.

Ni na dube shi. Na dawo gida da tsakar rana ɗaukar cajar kwamfuta, ina ɗaga labule na ga zaren cikinsa ya yi ja, ja marar ƙarfi, kamar garwashin da toka ta rufe.

"Inna, tun yaushe wannan yake haka?"

Tana yankan albasa, ba ta ɗago ba. "Ya kwana biyu. Da rana ya yi jan ido, da yamma ya kwanta. Maƙwabciya ma ta ce nata haka yake. Mun ce ko aljanun kamfani ne suke gaishe mu."

Ban yi dariya ba. Na tsaya a ƙasansa har wuyana ya ƙage.

Ni ce jami'ar tsare-tsare ta ƙungiyar sola ta unguwar. Na karanci lantarki, na ƙara da dokokin makamashi, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa cewa na yi karatu ba. 'Yan unguwa suna ce mini 'Yar Doka, wasu da ƙauna, wasu da abin da ba ƙauna ba, ni kuwa duk ina amsawa. Farantan solar da ke shimfiɗe a filin bayan makaranta, ni na yi ta hawa benen hukumar kula da wuta har aka ba mu izinin kafa su. Ni na zauna da lauyoyin kamfani, masu ce mini "ƙanwata" duk lokacin da suke so su katse mini magana, har muka daidaita: wayarmu za ta bi turakunsu, a ƙasan tasu, amma ba za su taɓa haɗuwa ba. In suka haɗu ko da a gida ɗaya ne, kamfani yana da ikon kwance tamu daga turakunsa. Da hannuna na rubuta wannan sharaɗin, don ba don shi ba da ba su sa hannu ba.

Wutarmu ta rana ce. Batir ɗinmu kaɗan ne, na ɗakin shan magani ne kawai, a kan layinsa na daban. Sauran unguwa tana samu daga hantsi har rana ta yi sanyi. To ga ƙwai a kan wayar kamfani, wayar da ba ta da taransifoma, yana ci a lokacin da muke ba da wuta, yana mutuwa a lokacin da muka daina. Ba sai wani ya yi mini bayani ba. Wutarmu ce ke zagayawa ta shiga wayarsu.

Na kuma san ta inda ta bi. Ƙa'ida ta ce kowane gida ya sa akwatin sauya layi, mai hannu ɗaya, a ɗaga sama wutar kamfani, a saukar ƙasa ta sola. Na yi faɗa a kan wannan a taro har muryata ta dushe, aka ce mini a bi mutane a hankali. Wani mai gyaran wuta ya koya musu dabara mai sauƙi: a haɗa layin biyu a allon wuta ɗaya, in za a sha sola a zare fis ɗin kamfani, ɗan abin da ke haɗa layinsu da gida, a ɗora a kan mita, in kamfani ya kawo a zare na sola. Muddin kamfani yana kawowa, tsoro yana sa kowa ya tuna, don wanda ya manta talabijin ɗinsa ce za ta yi hayaƙi. Da taransifoma ta tafi sai tsoron ya bi ta. Wani ya mayar da fis ɗinsa cikin raminsa, wataƙila don kada ya ɓace, ya ce ai babu komai a wancan layin. A tunaninsu wuta daga turke take saukowa gida. Ba su taɓa kawo wa ransu cewa tana iya fita daga gida ta hau turke ba.

Mai hawa turken kuwa Yayana ne.

Abokan aikinsa a kamfani suna ce masa Ƙadangare, saboda ko tsani bai kai ba shi zai kai. Yana da matarsa da gidansa a wata unguwa, amma ba ya iya kwana uku bai zo ya cinye wa Inna ragowar tukunya ba. Ranar ma ya zo da yamma, ya baje a tabarma da rigar aikinsa.

"Albishirinku," ya ce da baki cike. "Sabuwar taransifomarku ta iso sito. Za mu zo mu ɗaure wayoyin da suka saki, mu canza waɗanda suka tsufa, sannan a ɗora ta."

"Yaushe?" na tambaye shi.

"Ranar da mota ta samu mai, direba kuma ya samu lafiya."

"Yaya, akwai wuta a wayar."

"Wace wayar? Wadda uwarta ke kwance a sito?"

Na yi masa bayani dalla-dalla, na nuna masa ƙwan, wanda a lokacin ya riga ya mutu. Ya saurare ni yana lasar cokali.

"Wutar taku? Wannan ta cajin salula?"

"Ita ke juya injin walda."

"'Yar Doka, tun kina zana wayoyi a takarda nake riƙe su da hannu. Mu kan kira tasha, a ce layi a kashe yake, mu hau. Wannan karon ko kiran ba sai an yi ba."

"Abin gwajin wuta fa?"

"Yana cikin motar da ta lalace."

"Safar hannu?"

Ya ɗaga tafukansa biyu, duk kanta da tabo. "Ga su. Inna ta ɗinka mini tun ranar haihuwa."

"Kada ka sa ni a shirmenka," in ji Inna daga kicin.

Na ce to ya kira ni ranar da za su shigo. Ya ce da safe ake rabon aiki, kuma ta bayan kwarin da ke ƙarshen unguwarmu suke farawa, inda salula ba ta kamawa. Na ce ya faɗa wa manajansu. A nan ne dariyar ta bar fuskarsa.

"Kin san abin da kike cewa? Mutumin nan ya daɗe yana neman hanyar da zai kwance wayarku. In na buɗe baki, farantanki sun zama wurin shanya. Sannan a yi ta yi da ni a ofis, a ce Ƙadangare ya fara tsoron matacciyar waya."

Washegari na fara bin gidaje. Wasu suka nuna mini fis ɗinsu a kan mita, na ga babu ƙura a jikinsa, alamar yanzu aka zare shi da aka ji sallamata. Wasu matan suka ce mitar tana ɗakin maigida, ya kulle ya fita. Wani dattijo ya tambaye ni ko ubana ne ya gina masa gidan. Duk gidan da na fito sai in leƙa ƙwan maƙwabta, in tarar yana nan da jan idonsa. Gidajen sun fi ƙarfin ƙafata, kuma wanda ya zare yau saboda ni, gobe zai mayar.

Na je wa Shugaban ƙungiya da maganar. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, mutum mai son zaman lafiya, irin wanda in gobara ta tashi zai fara roƙon mutane su rage murya.

"Kamfani dai kada su ji," ya ce, yana duban ƙofa. "Za mu yi sanarwa a taro mai zuwa, cikin hikima."

"Baba, taro mai zuwa da saura. Su kuwa ko gobe suna iya zuwa. A kashe sola har sai sun gama aikinsu."

"Har yaushe ke nan?"

"Ban sani ba."

"Kin ji ko? Ba ki sani ba." Ya shafa gemunsa. "'Yata, ki je ki huta. Karatu in ya yi yawa yana sa mutum ya riƙa ganin abin da babu."

Ɗakin inbata, na'urar da ke karɓar wutar farantai ta tura wa unguwa, yana gefen filin, ginin bulo ne mai rufin kwano, ƙofar ƙarfe ɗaya, tagogin iska ƙanana can sama. A ciki akwai wani gunji marar tsayawa da na saba da shi har ba na jin sa. Da hantsi na shiga, na tabbatar layin ɗakin shan magani yana nan a ware, na kama babban makunnin unguwa da hannu biyu na saukar da shi. Gunjin ya yi ƙasa ya ɗauke. Daga nesa na ji injin niƙa yana jan numfashin ƙarshe, kekunan tela suka yi shiru, ƙarar walda ta yanke a tsakiya. Ban taɓa jin unguwarmu ta yi tsit haka ba. Can sai na fara jin takun ƙafafu.

Goggo ce ta fara isowa, ƙanwar mahaifina, wadda ke sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi a bakin titi.

"'Yar nan, lalacewa ta yi?"

"A'a, Goggo. Kashewa na yi."

Na faɗa mata dalili. Ta riƙe ƙugu tana kallona tun daga takalmi har ɗankwali.

"Ji take ta fi kowa sonsa. Ni na goya yaron nan kafin a san za a haife ki. Shekara nawa yana hawa, ya taɓa faɗowa? Bakinki ya sari ɗanyen kashi. Ɗaga abin nan, firjina cike yake."

"Ba zan ɗaga ba."

"Ni kike faɗa wa haka?"

"Ke da duk wanda ke bayanki, Goggo."

Shugaba yana da nasa mabuɗin, saboda haka kulle ƙofa ba zai yi mini amfani ba. Na ɗauko kujerar roba na ajiye a gaban allon wutar, na zauna, bayana yana jingine da makunnin. Wanda zai ɗaga shi sai ya fara ɗaga ni. Sauƙin da na samu ɗaya ne: in rana ta faɗi farantai ba sa ba da komai, sai in tafi gida. Amma kafin ta fito ina kan kujerata.

Ban san zafi ba sai a ɗakin nan. Fankokin sun mutu tare da wutar, kwano yana gasa ni ta sama, siminti ta ƙasa. Rigata takan jiƙe ta bushe ta sake jiƙewa, har gishiri ya yi mata zane a baya. Kaina yakan yi ta sarawa tun kafin azahar. Ƙofa a buɗe nake barinta, don kowa ya gan ni, ni ma in ga kowa.

Suna zuwa kuwa. Tela ya zo da tarin ɗinkin da bai gama ba, ya zube a gaban ƙafafuna, ya ce in masu kaya sun zo zai turo su wurina. Na ce ya turo, akwai wuri. Wata ta kwararo ruwan kifin da ya lalace ta bakin ƙofa, na ɗage ƙafata ya wuce, warin ya zauna tare da ni har yamma. Ta tagogin sama nake jin sauran: wai kamfani ya saye ni, wai an yi mini alƙawarin kujera a ofishinsu, wai rashin miji ne ya taɓa mini kai. Duk wannan bai dame ni ba kamar Mai Walda. Shi bai taɓa zagina ba. Yakan zo ya zauna a kan dutse daidai ƙofar, da guduma a hannu, yana ɗan buga ta a tafinsa, yana kallon makunnin ta saman kafaɗata. In ya gaji ya tashi ya tafi, gobe ya dawo.

Maƙwabta suka daina amsa gaisuwar Inna. Sau ɗaya ta yi mini maganar. Na shigo gida ina jan ƙafa, ta tare ni a tsakar gida.

"Dubi idona. Abin nan zai iya kashe shi?"

"Zai iya, Inna."

Ba ta ƙara tambaya ba. Tun daga ranar, in rana ta take, sai in hango ta tana ratsa mutanen da ke bakin filin, da gorar ruwa naɗe a jiƙaƙƙen tsumma. Ba ta kallon kowa. Ta miƙo mini, ta tsaya in sha, ta karɓi gorar ta juya.

Kullum da safe ina kiran Yaya. "Yau ina aka tura ku?" Wani lokaci ya ce ba mu ba ne, wani lokaci lambarsa a kashe. Ranar da take a kashe nakan wuni ina kasa kunne ko zan ji ƙarar babbar mota ta wajen kwari. Rannan ya ɗauka a fusace.

"Ke, matata ta ji a kasuwa wai ƙanwata ta haukace. Goggo ta kira ni tana kuka. Ki kunna wa mutane wutarsu, kin ji ko? Ni ban aike ki ba."

"Na san ba ka aike ni ba."

"To don wa kike yi?"

"Ka ci abinci kuwa, Yaya?"

Ya yi tsaki ya kashe.

Kwamitin ƙungiya ya yi zamansa a bakin ƙofar ɗakin, a kan bencin da aka aro daga makaranta, don in ji da kunnena. Shugaba ya yi doguwar magana a kan haƙuri da biyayya, sannan ya ce masu son a sauke jami'ar tsare-tsare su ɗaga hannu. Ban sunkuyar da kai ba, na bi hannayen da kallo ɗaya bayan ɗaya. Na Goggo yana ciki, ta ɗaga shi tana kallon ƙasa.

"'Yata, kin ji hukunci," in ji Shugaba. "Ki tashi da mutuncinki."

"Mutuncina yana nan inda nake zaune, Baba."

Mata huɗu aka sa, don kada a ce namiji ya taɓa ni. Suka ɗaga ni da kujerar gaba ɗaya. Na harɗe hannu a ƙirji na ce su lura da dokin ƙofa, kada su goge mini takalmi. Wata ta yi dariya ba ta shirya ba, ta yi saurin gimtsewa. Suka dire ni a tsakiyar fili, cikin rana. Mai Walda ya shiga ya ɗaga makunnin da hannu ɗaya. Gunjin ya dawo, injin niƙa ya amsa daga nesa, mutane suka fara watsewa kowa yana sauri.

Na kira Yaya. A kashe. Na sake kira. Wani mai babur da ke tsaye a inuwa yana kallon abin da ake yi ya ce, ba da wata manufa ba, ai ɗazu ya ga motar 'yan wuta a gidan mai, da tsani a bayanta.

Na dubi farantan, suna ta sheƙi a rana, kowanne na san ranar da aka ɗaura shi. Na hau bayan babur ɗin na ce ofishin kamfani.

Sakatariya ta ce Manaja yana da baƙi. Na wuce ta na tura ƙofa. Shi kaɗai ne, yana shan shayi a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki. Ya san ni tun zaman yarjejeniya.

"A'a, ƙanwata. Yau rana ce ta ƙi fitowa?"

"Wayarmu ta haɗu da taku a cikin gidaje. Akwai wuta a layinku yanzu haka."

Ya ajiye kofin a hankali. Na ga murmushin yana neman hanyar fita yana danne shi.

"Maimaita."

Na maimaita.

"Kin san abin da sharaɗin ya ce?"

"Ni na rubuta shi. Ina kuka tura su Ƙadangare?"

Ya dubi allon rabon aiki da ke bango, murmushin ya koma inda ya fito. Ya kira direba a salula, kiran bai shiga ba. Ya kira shugaban tawagar, nan ma bai shiga ba. Ya ɗauki mabuɗin motarsa.

A hanya na faɗa masa sauran. Na ce in ya rufe mu, mutane za su nemo janareta, kuma a wannan allon dai za su haɗa, don haka rufe sola kaɗai ba zai kashe wayar ba. Kafin kowa ya taɓa ta sai an ɗaure kowace waya da ƙasa: a maƙala mata kebur mai kauri, a saukar da shi zuwa sandar ƙarfe da aka kafa a ƙasa, yadda duk wutar da ta shigo za ta bi nan maimakon jikin mutum. Ya ce ba su da kayan. Na ce suna da su a sito, na gan su a jerin da suka kai wa hukuma. In kuma babu, daga nan hukumar zan wuce in gaya musu ma'aikatansa suna hawa ba safar hannu, ba abin gwaji.

Ya dube ni ta gefen ido. "Kin kashe naki, yanzu kuma nawa kike nema."

"Ka dubi hanya, ranka ya daɗe."

Mun same su a bayan kwari. Tsani yana jingine da turke, Yaya yana ƙasa yana ɗaura bel ɗin hawa, yana ba abokansa labari suna dariya. Da ya gan ni a motar Manaja sai bakinsa ya tsaya a buɗe. Manaja ya ce kowa ya zauna, babu mai hawa yau. Daga nan ya wuce filinmu da kansa, ya saukar da makunnin, ya sa masa kwaɗo da hatimin kamfani. Shugaba yana biye da shi yana roƙo, hularsa a hannu. Ni ina tsaye a bakin ƙofa. Ba wanda ya tambayi wa ya kai magana.

Ranar da suka dawo aikin, 'yan unguwa suka fito kwansu da kwarkwatarsu, amma ba ka jin komai sai kukan jarirai. Mutane suka jeru a gindin katangu. An bar mini fili ni kaɗai a gindin turken da ke gaban shagon Goggo, ba mai son kafaɗarsa ta taɓa tawa. Umarnin Manaja shi ne a fara kwance wayar sola, sannan a gyara ta kamfani. Yana tsaye a jikin motarsa da hular kwano sabuwa fil.

Yaya bai yi mini magana ba tun ranar kwari. Ya wuce ta gabana da kebur ɗin naɗe a kafaɗa, har yanzu da ledarsa a wani gefen, yana gunaguni yadda zan ji.

"An mai da mutum jaki. Waya ba taransifoma, ba sola, ba komai, amma sai an yi mata ɗaurin mahaukaci."

Suka kafa sandar, suka zuba mata ruwa. Ya hau, ya zagaya bel ɗinsa a turke, ya maƙala kebur ɗin a wayoyin kamfani ɗaya bayan ɗaya da doguwar sanda, yana yi yana girgiza kai don abokansa su gani. Rana ta take. Na ga ya cire safar hannun dama da haƙori, ya soka ta a aljihu, ya share gumi. Ya miƙa hannu ya dafa wayar kamfani don ya gyara tsayuwa, ɗaya hannun yana laluben filaya.

Sai aka ji tarin janareta daga cikin gidaje. An ja igiya bai kama ba. Aka sake ja. Na ɗaga kai na dubi hannun Yaya a kan wayar. A ja na uku ya kama.

Wani abu ya yi ƙara a saman turken kamar an karya busasshen kara. Shuɗin tartsatsi ya fita daga inda kebur ya ciji waya, ƙaurin roba ya sauko mana. Can cikin gidajen janaretan ya yi wani nishi mai nauyi, ya shaƙe, ya mutu.

Hannun Yaya yana nan a kan wayar. Bai motsa ba. Ya dubi kebur ɗin, ya bi shi da ido har ƙasa inda jiƙaƙƙiyar ƙasar ke ɗan tururi, sannan ya janye hannunsa a hankali ya duba tafin, gaba da baya.

Kowa ya juya wajen da ƙarar ta fito. Gidaje ne a cunkushe, katanga jikin katanga, rufi jikin rufi. Manaja ya tambaya da ƙarfi gidan wa ne. Babu wanda ya amsa, kuma har yau ban sani ba. Goggo ta zauna a kan akwatin ƙanƙararta ta rufe baki da mayafi. Mai Walda ya saɓa gudumarsa ya bi lungu. Ba wanda ya dube ni, ban kuma jira a dube ni ba.

Shugaban tawagar ya ce Yaya ya sauko wani ya hau. Ya girgiza kai. Ya zaro safar ya mayar, ya daɗe yana gyara yatsunta. Sannan ya sunkuya kan wayar da ke ƙasa, tamu, ya sa filaya ya datse. Ta sulalo ta faɗo a gabana tana murɗewa a ƙasa. Ban ja da baya ba. Na tsaya har ya kwance ta daga turken gaba ɗaya, abokansa suna naɗe ta suna jefawa a bayan mota.

Da ya sauko sai ya tsaya a gindin tsani yana kokawa da maɓallin bel ɗinsa. Yatsunsa sun kasa kama ƙarfen. Ya juya wa abokansa baya don kada su gani. Na matsa na ture hannunsa, na ɓalle masa. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, ina jin bugun ƙirjinsa ta cikinta.

"Tsatsa ya yi," ya ce. "Tun bara nake cewa a canza mana."

"Na gani."

Ya haɗiye yawu, ya rage murya. "Kada ki faɗa wa Inna."

"Tana bayanka, Yaya. Tun da ka hau take tsaye."